Wasiƙar godiya ga ma'aikatan sashen awo da ɗakin haihuwa

Zuwa ga shugabar sashen awon ciki da haihuwa, da ungozomomi da likitocin da ke aiki tare da ita, da ma'aikatan ɗakin gwaji da masu tsaftace ɗakuna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, mu ne ungozomomi da nas-nas da suka ajiye aiki, waɗanda yanzu suke raka masu ciki da masu jego asibiti don sa kai. Mun zaɓi mu gode muku a bainar jama'a ne don duk mai ciki da mijinta su san irin kulawar da ya kamata su tarar. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne ba kwa jiran ranar naƙuda kafin ku fara shiri, kuma idan jariri ya yi kuka ba kwa ɗauka an gama.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga zuwa awo daga sau huɗu zuwa aƙalla takwas: na farko kafin ciki ya wuce mako 12, sannan a mako na 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Kuna rubuta wa kowace mace ranar dawowarta a kati, kuma awonku ba na a taɓa ciki a sallame ta ba ne. Duk zuwa sai an auna hawan jini an duba fitsari, domin idan jini ya kai 140 bisa 90 bayan mako 20, ga furotin a fitsari, mace tana kan hanyar jijjiga ko da tana jin kanta garau. Haka kuke ba da ƙwayar ƙarin jini, ayan miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikirogiram 400 kullum, kuna kuma faɗa tun farko cewa bayan gida zai yi baƙi, wani lokaci ya yi tauri. Wannan ɗan bayanin ne ke hana mata jefar da ƙwayar a mako na biyu.

Mun fi yaba muku kan zaman da kuke yi wajen mako na 34 da mace da mijinta, ko wanda zai rako ta. A nan ake amsa tambayoyi a rubuce: ina za a haihu, da wace mota za a zo idan abin ya tashi da tsakar dare, wa zai zauna da sauran yara, an ware kuɗin ko-ta-kwana, su wa za su ba da jini idan an buƙata. Kuna neman sunan mutum biyu, a gwada rukunin jininsu tun yanzu. Wadda gwajin rukunin jininta ya nuna nau'in da ake kira Rh negatif kuma kuna sanar da ita cewa akwai allurar da za ta iya buƙata cikin awa 72 bayan haihuwa, don kare cikin da za ta yi nan gaba. Duk wanda ya yi wannan aiki ya san jinkiri uku ne ke cinye mata: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Biyun farko kafin a isa asibiti ake yin su, wannan zaman ne maganinsu. Jaka ma kuna sa a haɗa ta kafin mako na 36, da katin awo da sakamakon gwaje-gwaje a sama, sai manyan ƙunzugu, zannuwa wankakku, hula da safa da kayan jariri, da tawul biyu. Biyun suna da dalili. Ɗaya na tsane jariri ne, a jefar da tawul ɗin gefe don ya jiƙe, ɗayan busasshe na lulluɓe jaririn.

Kuna kuma fayyace lokacin tahowa: idan ciwon mara yana zuwa a jere kamar duk minti biyar, ko faya ta fashe ko da babu ciwo. Idan ruwan ya fito kore, ko an ga jini, ko motsin jariri ya ragu, ko ciwon kai mai tsanani ya zo da dishi-dishin gani, to ba a jiran gari ya waye.

A ɗakin haihuwa, abin da muke sa wa ido shi ne yadda kuke tarar zubar jini, domin shi ne kan gaba wajen kashe mata masu haihuwa a duniya. Allurar oksitosin mai tsuke mahaifa, yunit 10, tana a zuƙe kafin kan jariri ya fito, ana kuma yin ta cikin minti ɗaya bayan fitowarsa. Mun lura a firij kuke ajiye ta, kuma daidai ne, don zafi yana rage mata ƙarfi. Mafi yawan zubar jini daga mahaifar da ta saki ne, ta ƙi tsukewa bayan mabiya ta fita. Saura kuma daga yagewa, ko guntun mabiya da ya maƙale, ko jinin da ba ya daskarewa. Shi ya sa muke jin daɗin ganin ana shimfiɗa mabiya ana duba ta ɓangare-ɓangare kafin a kawar da ita, ana kuma taɓa mara duk minti 15 a awa biyun farko. Jinin da ya kai mililita 500 ya wuce ƙa'ida, amma ido yana raina shi, musamman idan ya shige zani da katifa. Ku kuwa kuna tara shi a leda mai ma'auni, don haka ba a ja-in-ja. Da ya yi yawa sai a haɗu a kai lokaci guda: a murza mahaifa, a ƙara maganin tsuke ta, a sa ruwa, a ba da allurar tiranekzamik asid mai rage zubar jini, giram ɗaya, cikin awa uku da haihuwa, a nemo inda jinin ke fitowa. Har ita mai jegon kuna kama hannunta ku ɗora a ƙasan cibiyarta, ta ji mahaifa da tauri kamar ƙwallo, ku ce idan ta ji ta yi laushi ta murza ta kira ku. Kuna sa ta yi fitsari da wuri, saboda cikakkiyar mafitsara tana hana mahaifa tsukewa.

Ga jariri kuwa, ba kwa gaggawar yanke cibiya sai bayan aƙalla minti ɗaya, idan yana numfashi lafiya, don ya ƙaru da jinin da ke mabiya. Ana tsane shi, a ɗora shi a ƙirjin uwa fata da fata, a lulluɓe su tare, ya kama nono cikin awar farko. Wanka sai bayan awa 24, domin sanyi yana saurin kama jariri. Dakashi kaɗan ne, amma ya ishe shi a kwanakin farko, kuma shi ne kariyarsa ta farko daga cuta. Kafin sallama yana samun allurar bitamin K, da rigakafin tarin fuka, da na ciwon hanta nau'in B, da ɗigon shan inna.

Mun san ana matsa muku lamba kan sallama. Gadaje ba su da yawa, dangi suna ɗokin tafiya gida. Duk da haka kuna riƙe mace aƙalla awa 24 ko da ta haihu lafiya, kuma muna goyon bayanku, don a wannan yinin haɗari ya fi yawa. Sannan kuna ba ta ranakun dawowa: tsakanin awa 48 zuwa 72, tsakanin kwana 7 zuwa 14, da mako na shida.

Bayanin da kuke yi a bakin gado kafin ta tafi ya cancanci a kwaikwaya, musamman da kuke kiran mijin ya tsaya ya ji. Jinin jego yana farawa ja, ya koma ruwan ƙasa, ya yi fari-fari, yana iya kaiwa mako shida. Amma idan ƙunzugu yana jiƙewa sharkaf cikin awa ɗaya, ko manyan gudaji suna fita, ko jinin yana wari, ko zazzaɓi ya kai digiri 38, a dawo nan take. Haka kumburi da ciwo a ƙafa ɗaya, ko sarƙewar numfashi, don jini na iya daskarewa a jijiya. Da yawa ba su san jijjiga tana iya zuwa bayan an haihu ba, har cikin makonni shidan nan, sai su ɗauki ciwon kai a matsayin rashin barci. Ku kuna faɗa ƙarara. Jariri kuma ya sha nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare, daga kwana na biyar ya jiƙa nafkin kamar sau shida. Ɗan nauyin da ya rasa a kwanakin farko yana mayar da shi wajen mako biyu. Idan kan nono ya tsage, yawanci kamun ne bai yi ba: ya buɗe baki sosai, haɓarsa ta taɓa nono, ya cika baki da baƙin da ke kewaye, ba tsinin kaɗai ba. Cibiya a bar ta a tsaftace a bushe, kada a shafa mata komai sai abin da kuka bayar. Idan ya ƙi shan nono, ko numfashinsa ya kai 60 a minti, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi, ko shawara ta bayyana a ranar farko ko ta kai tafin hannu da na ƙafa, wannan na gaggawa ne.

Akwai tambayar da kuke yi wadda a wurare da yawa ba a yin ta: yaya zuciyarki? Kuka da ƙunci a kwana na uku zuwa na biyar abu ne da aka saba, yakan wuce cikin mako biyu. Wanda ya zarce haka, har mace ta kasa barci ko da jariri yana barci, ko ta ji ba ta son rayuwa, ciwo ne mai magani, kuma kuna haɗa ta da likita ba tare da kun kunyata ta ba. A mako na shida kuna buɗe zancen tazarar haihuwa, cewa an fi so a samu wata 24 kafin wani ciki, kuma shayarwa tana hana ciki ne kawai idan jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, kariyar ta faɗi.

Roƙonmu biyu ne. Lambar wayar sashe da kuke rubutawa a bayan katin sallama, a tabbatar da mai ɗaga ta har cikin dare, kuma wadda jininta ya hau lokacin ciki a sa mata ranar sake aunawa cikin kwana uku da haihuwa, a rubuce, kada a bar wa dangi su tuna.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara muku lafiya da haƙuri.

Naku,
Ungozomomi da nas-nas masu ritaya, masu raka masu ciki da masu jego