A Ware Harajin Lemon Kwalba Don Masu Ciwon Suga

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan harajin naira 10 da Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora wa kowace lita ta lemon kwalba. Ina goyon bayansa, amma dokar ba ta keɓe kuɗin don masu ciwon suga ba.

Mahaifiyata tana allurar insulin, maganin ciwon suga, safe da yamma. Idan wata ya yi nisa, sai ta rage abin da likita ya rubuta don kwalbar ta kai ta albashina. Saboda rashin wuta, a gindin randa take ajiye ta.

Ina roƙon Majalisar Tarayya ta gyara dokar, a karya farashin insulin da kayan gwajin jini da wannan kuɗi, har a asibitocin karkara.

Naku,
Mai karatu daga Gusau