Dogo, samfurina sun narke

Kano, daren Laraba.

Dogo,

Assalamu alaikum. Ya sanyin Ingila, ya iyali? Na san ka ƙullace ni, wata huɗu ba amsa. Bari in juye maka abin da ya tsaya mini a wuya.

Ka tuna binciken da nake yi na kammala ƙwarewa a aikin likitan sa barci don tiyata? Kai injiniya ne, tsatsa ba baƙuwarka ba ce, to kusan ita nake bi a jinin mutane. Oksijin ɗin da ke raya mu, idan jiki ya yi aiki da shi yakan bar wani ɓurɓushi mai cin ƙwayoyin halitta. Jiki na da masu share shi, irin su gulutatayon, amma idan shara ta fi ƙarfin tsintsiya sai kitsen bangon ƙwayoyin ya fara lalacewa. Tokar wannan ɓarnar ake kira MDA, ita nake aunawa kafin a sa mutum barci da kuma bayan ya farka.

Abin da nake son ganewa, a cikin wannan ɓarnar, nawa ne laifin wuƙar tiyata, nawa ne na maganin barci. Furofofol, farar allurar nan da ka ce kamar nonon Fulani, ƙirarta ta ɗauko ta bitamin E, don haka ita kanta tana taya jiki shara. Halotan kuwa tsohon maganin barci ne, tun 1956 ake shaƙa wa mutane shi, kuma hanta ce ke narka wajen kashi 20 cikin 100 nasa, alhali na isofuloren, wani maganin barcin da ake shaƙa, bai kai kashi 1 ba. Sai dai lissafin ba ya tafiya sumul. A aikin ƙashi mukan ɗaure cinya tamau, mu hana jini zuwa ƙafa fiye da awa guda. Ana kwancewa jini ya kwararo, ɓurɓushin nan ya tashi, ko da wane magani ka yi aiki. Masu sikila kuma dama da tsatsarsu suke zuwa, dole na cire su daga lissafi.

To, jinin mutum 23 na tara, wata biyar ina lallashin 'yan uwan marasa lafiya su sa hannu. Ranar Asabar aka ɗauke wuta, janareto ba mai, firizar ta kwana biyu a kashe. Litinin na buɗe, duk sun narke. Jinin da ya ɗumama haka yakan ci gaba da lalacewa a cikin kwalba, ko na auna ƙarya zai faɗa mini. Oga ya dube ni ya ce, "Sai haƙuri, a sake." Shi ke nan fa, ya wuce shan shayi.

Kada ka yi dariya, ina jin ka daga nan. Kai da ka suma ranar da aka cire maka haƙori!

Af, mai shayin bakin layinmu ya ƙara aure, ta uku, kuma har yau yana cewa yana bin ka kuɗin ƙwai biyu. Hajiya ta warke daga ciwon gwiwar, kullum sai ta tambayi ko ka yi ƙiba.

Don Allah ka duba mini farashin ƙaramin batirin da zai riƙe firiza awa 12, ko na hannu ne. Ka gaida Madam da 'yan biyu.

Naka,
Mai sa mutane barci