Mai mota, ka san motarka kafin ka miƙa makulli

Assalamu alaikum, Edita.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana masu mota a Kano, musamman irina, waɗanda suka daɗe suna tari kafin su mallaki tokumbo guda. Abin da ya same ni ba na so ya sami wani.

Na sayi Corolla ƙirar 2007 a hannun wani dillali. Jiki sumul, fenti na ƙyalli, ya ce mini daga Kwatano sai hannuna. Na zagaya ta sau biyu, na ji ƙarar inji, na biya. Da bazara ta kama, allurar zafi ta fara hawa duk sanda na shiga cunkoson titin Katsina. A gareji bakanike ya ce ai wani ɗan ƙarfe ne mai suna tamostat, Turawa suka sa shi saboda sanyin ƙasarsu, ba shi da amfani a Kano. Ya cire shi, ya haɗa fanka kai tsaye, da an kunna mota sai ta hau juyawa. Ya yi mini juye da baƙin mai mai kauri, 20W-50, ya ce shi ke jure zafinmu. Na biya, na yi godiya.

Daga baya na gane lagireto ne ya toshe da tsatsa saboda ruwan rijiya da ake ɗura masa. Shi tamostat aikinsa ya riƙe ruwa har inji ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, sannan ya buɗe. Idan babu shi, inji na daɗewa bai ɗumama ba, balle da safiyar hunturu, kwamfutar mota kuma ta ci gaba da tura fetur fiye da kima. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, wa ke da fetur ɗin zubarwa? Baƙin man kuwa, a kan murfin injin kansa an rubuta 5W-30. Kullum ina buɗe bonet, ban taɓa karantawa ba. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Sai kuma wani bakanike ya shiga ƙarƙashin motar ya ce babu indomi. Abin nan ne da ke cikin salansa yana tace hayaƙi, ana sace shi ne don ƙarafa masu tsada da ke cikinsa. Wa zan kama, tunda ranar ciniki ban sa an leƙa ba?

Edita, ba zagin kanikawa na zo yi ba. Akwai masu amana da yawa, kuma da zufarsu suke ci. Amma da yawansu sun koyi aiki ne a hannun iyayen gidan da suka ƙware a kan Fijo 504 da 505 na Kaduna, motocin kafireta waɗanda kunne da sifana ke gano ciwonsu. Motar yau da kwamfuta take tafiya. Wanda bai bi zamani ba sai ya koma canki-canka: yau fulogi, gobe famfon mai, jibi a ce sai an sauke inji, kai kuma kana ta safa da marwa zuwa kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa. Alhali duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da wani soket ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike ta nuna inda za a fara dubawa. Idan fitilar inji ta kama, ka ce a jona. Kada ka yarda a cire ƙwan fitilar don hankalinka ya kwanta.

Wajen dillalai abin ya fi nauyi, domin a nan kuɗin ke tafiya gaba ɗaya. Yawancin motoci na da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17. Idan daga Amurka ta fito, ana iya bincika tarihinta a intanet da wannan lamba, a ga ko ta taɓa mummunan haɗari, ko ambaliya ta shanye ta, ko an mayar da mitar tafiyarta baya. Ka tabbata lambar da ke jikin mota ita ce a takardar kwastam. A farkon 2017 gwamnatin Buhari ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, saboda haka kalmar "daga Kwatano" kaɗai ta isa ta sa ka ƙara duba takardu. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka ji ko ruwa ya taɓa shiga motar. Ka dubi lambobi huɗu da ke gefen taya: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Ka zo da bakanikenka, ba wanda dillali ya kira maka ba, domin mai jiran la'ada ba zai ga aibi ba.

Mun san addini ya haramta ɓoye aibin haja, kuma dillalai su ji tsoron Allah. Amma kunyar tambaya da muke da ita tana cutar da mu. Mutum na ganin idan ya ce a dawo masa da tsohon kayan da aka cire, ko ya tsaya a kan motarsa ana aiki, kamar ya zargi mai gyara ne. Haƙƙinka ne, kuma mai gaskiya ba ya jin haushi. Matan da ke tuƙi su aka fi yi wa wannan cuta, har da 'yar'uwata da aka karɓi kuɗin sabon batir aka wanke tsohon nata aka mayar.

Roƙona gare ka, Edita, ka ware shafi ko sau ɗaya a mako, ka gayyato injiniyoyi daga Jami'ar Bayero ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, tare da gogaggun kanikawa, su riƙa amsa tambayoyin masu mota da Hausa. Ni ne zan fara aiko da tawa.

Wassalam.
Mai karatunku daga Gwammaja, Kano.