Iska kyauta ce, amma jirginta ba kyauta ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Tsadar mai ta sa wasu na ta yabon jiragen ruwa na iska kamar aikinsu ba shi da wahala. Mu a Katsina teku ta yi mana nisa, shi ya sa muke so masu karatu su san yadda aikin ya kasance a jiragen iska da ake kira sikuna, waɗanda a da suke jigilar kaya a gaɓar Amurka.

A wancan zamani, ƙaramin jirgi mai ginshiƙi biyu, wato dogayen sandunan da ake ɗaura filafilai a kansu, mutum huɗu ko biyar ke tafiyar da shi: kyaftin, mataimakinsa, kuku da ma'aikata. Su ne masu lodi, su ne masu jan igiya a ɗaga filafilai, kuma kullum sai sun buga famfo, domin jirgin katako ba ya rabuwa da yoyo. Ana aikin gadi awa huɗu-huɗu, dare da rana. Iska ta ɗauke, sai zama, ba isowa ba kuɗi.

Babban haɗarin ma yana cikin kayan. Daga garin Rockland na jihar Maine ana ɗauko ƙonanniyar farar ƙasa a ganguna. Ruwa na taɓa ta sai ta ɗau zafi har katako ya kama. To, da me za a kashe? Zuba ruwa ƙara wuta ne. Sai a rufe bakin rumbun kaya, a lilliƙe kowace kafa kada iska ta shiga, ma'aikata su koma saman jirgi su jira kwanaki, wani lokaci makonni. Wanda ya yi gaggawar buɗewa, wutar ta tashi. Lodin duwatsu kuwa, idan ba a tokare su ba, sukan zame gefe ɗaya su kifar da jirgi, kamar tirelar da aka yi wa lodin ganganci.

Masu jirage sun ƙara girmansu don riba, suka sa ƙaramin injin tururi yana jan filafilai maimakon ƙarin ma'aikata. Wani jirgi mai suna Wyoming, mai ginshiƙi shida, an gina shi a garin Bath na jihar Maine a 1909. Tsawonsa ya fi ƙarfin katako: igiyar ruwa na lanƙwasa shi, ruwa na shiga ta tsakanin katakai. A 1924 ya nitse da kayan kwal, babu wanda ya tsira.

Wassalam.

Masu karatunku,
Ƙofar Ƙaura, Katsina