A Dinga Kirga Kwanakin Aiki, Ba Kawunan Mutane Kadai Ba

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka.

Dan Allah a ba ni fili in yi magana kan alkaluman rashin aikin yi, domin kwanan baya yarona da ke karatu a jami'ar André Salifou da ke nan Damagaram ya nuna min a wayarsa cewa a kiyasin hukumar kwadago ta duniya marasa aiki a Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Na ce masa sake dubawa dai, ya ce Baba haka yake, ka'idar ita ce duk wanda ya yi aikin awa 1 a sati ya samu wani abu to mai aiki ne. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Ni kayan gini nake saidawa kusa da kasuwar Dole, yawancinsu ta Kano suke zuwa. Kafin a rufe iyakar Nijar da Najeriya bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 yara 5 ke min lodi da sauke kaya kullum, kowa na komawa gida da jika 2 ko fi. Da kungiyar kasashen Afirka ta Yamma, wato Cedeao, ta sa takunkumi mota ta daina shigowa ta iyakar Dan Barto, wuta ma ta zama sai an gani, sai ya zamana ina kiransu sau daya a sati, wani satin ma shiru, amma duk da haka da asuba za ka gansu zaune bakin shago da rawaninsu na dako a kafada suna shan shayi bashi suna jiran ko Allah zai kawo mota. A takarda duk su 5 masu aiki ne. A gidajensu tukunya ce ta san gaskiya.

To abin da ya fi damuna ma shi ne bayan Najeriya ta bude iyaka a Maris 2024. Kaya suka dawo, masu gini suka taso, sai aka rasa hannu! Magina da masu walda da na sani sun wuce Agadas, wasu Aljeriya, wasu Libiya. Wani abokin cinikina ya yi sati 3 yana neman mai sa tayil, alhali a unguwarsu matasa cike suke a fada, wato majalisar zaman hira, ciki har da masu takardar digiri. Ga aiki na neman mutum ga mutum na neman aiki, ba su hadu ba, kuma wannan asarar ba wanda ya auna ta.

Yaron nawa dan jami'a ya ce a Amurka duk wata ake fitar da adadin guraben aikin da ba a cike ba a gefen adadin masu nema, shi ya sa a Afrilun 2020 lokacin korona suka ga rashin aiki ya kai kusan kashi 15 nan take. Mu namu hawa da saukar ya ma fi nasu yawa, damana kowa na gona, bayan kaka sai cirani, ga naira in ta fadi cinikin Magarya da Matamaye ya canza.

Rokona ga hukumar kididdiga ta INS da ofishin sama wa mutane aiki na ANPE, a dinga tambaya duk wata 3, kuma jiha jiha. A tambayi dan kabu-kabu kwana nawa ya fita kuma nawa ya rage bayan ya biya mai babur, a tambayi masu shago da masu gareji ko suna neman ma'aikaci sun rasa. Sannan a karanta sakamakon da Hausa a rediyo. In sun zo Dole ni zan fara bude musu littafina, tun 2019 da Buhari ya rufe iyaka nake rubuta ranar da kowane yaro ya yi aiki.

Na gode.

Wani dan kasuwa,
Damagaram