Zuwa ga Abba, kan takardar lissafin da ka turo

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya sanyin makaranta? Ummanka da ƙannenka suna gaishe ka.

Jiya bayan Isha'i na zauna da hoton takardar gwajin da ka turo ta WhatsApp, wadda ka rubuta a ƙasanta wai fakto (raba lissafi zuwa baka biyu da ake ninkawa) ya gagare ka. Ban yarda ba. Na bi ta layi-layi, na ga hanyar tana hannunka, gaggawa ce take cin ka.

Dubi tambaya ta uku, x² − x − 12. Ka rubuta (x + 4)(x − 3). Lambobin ka same su, 4 da 3, alamomin ne ka juya. Abin nema lambobi biyu ne da in an ninka su za su ba da −12, in an tara su kuma su ba da −1. Naka in aka tara +1 suke bayarwa. Amsar ita ce (x − 4)(x + 3). Da ka ɗauki minti guda ka buɗe bakan ka ninka, da ka kama kanka kafin jan biron malam ya kama ka. Ko a wurin aikina, ban taɓa yanka tayil ban sake aza tef ba, tun ranar da na lalata wa wani Alhaji kwali biyu na biya daga aljihuna.

Tunda na ambaci tayil, zana x² + 7x + 12 a matsayin daɓen ɗaki. Babban murabba'i ɗaya (x²) a kusurwa, dogaye (kowanne x) uku a gefe guda, huɗu a ɗaya gefen, sai ƙananan goma sha biyu su cike gurbin da ya rage. Tsawo x + 4, faɗi x + 3. Al-Khwarizmi ma, wanda ya rubuta littafin da aljabra ta samo sunanta a Bagadaza a ƙarni na 9, da zanen murabba'i yake nuna hujjarsa.

Ta biyar kuwa, 2x² + 7x + 3, ko taɓa ta ba ka yi ba, 2 ɗin gaba ya tsorata ka. Ninka shi da 3, ka sami 6. Waɗanne ne ninkinsu 6, jimlarsu 7? Ai 6 da 1. Raba 7x zuwa 6x da x, ka haɗa su bibbiyu, (2x + 1)(x + 3) zai fito.

Irin waɗannan ba sa rasa fitowa a WAEC da NECO. Ka riƙa yin biyar kullum bayan Asuba, kowace ka ninka ta ka tabbatar. Ranar Juma'a ka turo min, tare da x² − 49, in ga yadda za ka yi da wadda ba ta da tsakiya.

Kuɗin sabulun na ba direban da zai zo ranar Asabar. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka