Zuwa ga aminina, kan maganar ƙaninka da ke tsare a Jidda

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, yaya ƙarfin jikin Hajiya? Na saurari saƙonka sau uku daren jiya, na ji yadda muryarka take rawa. Na ga gara in rubuto maka a kan in kira, don ka samu abin karanta wa Hajiya a natse, ka kuma koma kansa idan masu surutu suka rikita ka.

Bari in fara da abin da ke hana ta barci. Ba maganar yanke hannu a wannan shari'a. Ƙarar da kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a Saudiyya, ya kai ita ce an ba yaron kuɗin kaya ya kai, aka ce ba su cika ba. Wannan cin amana ne, kuma ni da kai gaban malami ɗaya muka zauna, ka san haddin sata na wanda ya ɗauke abu a ɓoye daga ma'ajiyarsa ne, ban da wanda aka danƙa wa dukiya a hannu. Irin nasa ta'aziri ne, wato hukuncin da shari'a ta bar wa hukuma ta ƙayyade. Dokar Saudiyya kan zamba da cin amana ta 2021 ta tsayar da iyakarsa a ɗaurin shekara 5 ko tarar riyal miliyan 3, ko duka biyun, kuma wannan can ƙololuwa ce, ba don 'yan dubban da ake magana a kai ba. Bulalar ta'aziri kuwa tun 2020 aka daina ta. Duk wannan ma sai an tabbatar ya ci, ni kuwa ban ga abin da ya nuna haka ba tukuna.

Yadda aikin yake tafiya, shurɗa, wato 'yan sanda, ba su da ikon ajiye mutum fiye da awa 24 ba su miƙa shi ga mai bincike na Niyaba ba, wato ofishin masu gabatar da ƙara. Mai binciken zai iya tsare shi kwana 5, a ƙara masa har 40, daga nan kuma sai da izini daga sama, jimilla kada ta wuce kwana 180 ba a kai shi kotu ko an sake shi ba, sai fa in kotu ce da kanta ta ƙara. Shi yau kwanansa shida, ka ga an shiga ƙari na farko. Kada shirun nan ya sa ku zaci an manta da shi. Doka ta ce a gaya masa dalilin kamun, a bar shi ya sanar da wanda yake so, ta hana duka da tilastawa, ta kuma ba shi damar samun lauya tun daga bincike, ba sai an je gaban alƙali ba. Ba zan ce maka kullum haka ake yi ba. Shekaru ashirin da na yi a garin nan sun nuna min baƙon da bai san haƙƙinsa ba, da wuya wani ya tuna masa.

Abin da ya fi damuna shi ne yatsansa. A nan takarda ce ke magana, kuma da Larabcin ofis ake rubuta ta, wanda ya sha bamban da na kasuwa da yaronmu yake ji. Wani maƙwabcina a Karantina, shekarun baya, an ce masa ya dangwala basma, wato yatsa, ya tafi gida, ya dangwala. Ashe abin da ke rubuce shi ne ya amsa laifi. Ya yi ta rantsuwa a kotu cewa bai san me ya sa wa hannu ba, amma alƙali takardar yake kallo, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Don haka duk wanda ya fara samunsa a waya, ni ko kai, ga saƙon: kada ya sa hannu ko yatsa a abin da ba a fassara masa ba, ya ce yana son mutarjim, wato tafinta, mai jin Hausa, ya ce yana son muhami, wato lauya, ya nemi a sanar da ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya na nan Jidda. Da ladabi zai faɗa, amma ya nace. In kuma an taɓa jikinsa, ya gaya wa mai bincike da alƙali a rubuta, kada kunya ta hana shi.

Na ji ka ce wani ya kira ku wai yana da wasɗa, wato hanya wajen manya, a turo masa kuɗi ya fito da shi cikin mako. Don Allah kada ku sayar da filin Hajiya saboda wannan. Irinsu sun cika daga Jidda har Shara Mansur a Makka, da sun ji an kama ɗan gida sai su taru kamar ƙuda a kan miki. In ƙarya yake, kuɗi sun tafi. In da gaske wani zai ba, cin hanci ne, an ƙara wa yaron laifi a kan laifi. Kuɗin nan a kai su ga lauya mai lasisi. Kotu na iya ɗaukar wa marar hali lauya, amma a manyan laifuka ne kuma sai ya nema, saboda haka kada mu jingina da wannan.

Akwai kuma ƙofar da nake ganin ta fi kusa. Shari'a a nan haƙƙi biyu take dubawa, na wanda aka cuta da na hukuma. Idan kafilin ya yi tanazul, ya janye nasa a rubuce, na hukuma bai faɗi don haka ba, amma nauyin yana raguwa sosai, neman beli ma ya fi sauƙi. Na san wani dattijo da suke sallah masallaci ɗaya da kafilin, gobe bayan isha'i zan je wurinsa. Sai dai ba zan je da sunan yaron ya ci ba, zuwan neman a sake lissafi ne. In har ta kai ga hukunci, akwai kwana 30 na ɗaukaka ƙara, kuma ku shirya zukatanku, baƙon da aka hukunta yawanci tarhil, wato mayar da shi ƙasarsu, ke biyo baya.

Yanzu ga abin da nake so daga wurinka kafin Juma'a: hoton fasfonsa da igamarsa, wato katin izinin zamansa, takardar aikinsa, da duk saƙon da ya taɓa turo maka yana kukan an riƙe masa albashi, musamman na watannin nan uku da ka ambata. Kada ka goge ko ɗaya, lauya zai buƙace su. Ka kuma hana yara sa hotonsa a Facebook suna zagin kafilin, domin a nan wannan ma ƙara ce mai zaman kanta.

Ka gaida Hajiya, ka ce mata da an ba da izinin ziyara ni zan fara zuwa, in kai masa kayan sawa. Maman yara tana gaishe ku.

Naka,
amininka na Jidda